An Raba Hartleb Biyu

Heubach, Agusta 1945

Ƙanwata Hedwig,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ya rage a layinmu. Ni ƙalau nake, in ban da ciwon bayan da na kwaso a motar soja. Yaya jikin 'yata Gudrun? Ƙyandar ta bushe? Kada ki bari ta riƙa murza idanunta.

Wani direban jirgin ƙasa ne ya yarda ya ɗauko wannan takarda, ban sani ba ko za ta iso ki. Kin ga yadda Amurkawa suka kwashe mu daga Rudolstadt, amma ba ki ga inda suka zube mu ba. Wani tsohon bariki ne a nan yamma, mu da akwatunan zane-zanen kamfani, aka ce mu jira. Har yau jiran muke yi. Manyan injiniyoyin kamfaninmu na Hartleb da ake cire wa hula a titi, ga su nan a layin miya kowa da gwangwaninsa. Ni da na yi shekara ashirin ina goge gilashin madubin likita, yanzu itace nake fasa wa wani manomi yana ba ni dankali. In mutanen nan suka yi magana rabi nake ji, wai kuma Jamusanci ne.

Na tambayi hafsansu me za su yi da mai goge gilashi irina. Ya ce, "Ba son ku muke yi ba. Rashawa ne ba ma so su same ku." Ko ba komai bai yi mini ƙarya ba.

Kin san ba da son raina na bar miki yarinyar nan ba. Likita ya ce in na ɗora ta a buɗaɗɗiyar mota da wannan zazzaɓi, gawa zan sauke, ga shi ko ciyawa ba ta fito a kabarin uwarta ba. Uwata da uwarki ciki ɗaya suka fito, ba ni da wanda ya fi ki a garin nan. Ana cewa kafin sanyi ya shigo za a mayar da mu. Ƙaramin madubin likitan nan na tagulla, wanda na haɗa da hannuna shekarar da na gama koyon aiki, yana kan kabad ɗinki. Ki ɓoye shi, sojoji na son irinsa.

Yayanki,
Ottmar

Rudolstadt, Nuwamba 1946

Yaya Ottmar,

Muna gaishe ka. Muna lafiya, yunwa ce dai kamar kowa. Gudrun ta shiga makaranta, haƙoranta biyu na gaba sun fita, tana magana tana feshin yawu. Duk motar sojan da ta wuce sai ta ruga taga ta duba ko kai ne.

Wannan ta hannun mutum na ba da ita. Ta gidan waya buɗewa ake yi, kai ma ka riƙa kula da abin da kake rubutowa.

Ka gode wa Allah da Amurkawanka. Watan jiya Rashawa suka bi gida gida da asuba, suka kwashe duk wani gwani da ya rage, da mata da yara da kujeru, aka zuba su a jirgi aka yi gabas da su. Da kana nan da yanzu kana can. Sannan suka dawo kan masana'antar. Mu aka sa muka kwance injinan da hannunmu. Tsohon shugabanku Herr Zeuner shi ya riƙa shafa wa kowane inji mai kafin a rufe akwati, yana shafawa yana zagi. Na ce masa, "Baba, kayan da za a tafi da su kake wa gata?" Ya ce, "Injin bai yi mini laifi ba." Har famfunan wanke hannu sun cire.

Abin mamaki, washegarin da jirgin ƙarshe ya tafi, mutane suka zo aiki. Babu aikin, amma sun zo. Yanzu ɓaraguzan ɓangaren da bam ya rushe muke tonawa, muna zaƙulo ƙonannun injina muna kankare tsatsa. Ni ma an ɗauke ni, tunda maigidana Bruno bai dawo daga yaƙi ba kuma na daina zuwa tasha jiransa. Zeuner ya ce ina da ido, zai koya mini duba gilashi. Ka ji, 'yar da kake cewa ko zare ba ta iya sa wa allura ba.

Ƙanwarka,
Hedwig

Heubach, Maris 1948

Ƙanwata Hedwig,

Ina gaishe ku, ina fata sanyin bana bai taɓa ku ba. Ni lafiya lau.

Mun daina jira. An ba mu wata tsohuwar masaƙar safa, mun fara yin gilashin tabarau da injinan da muka harhaɗa. An kafa allo a ƙofa an rubuta Hartleb. Na sami ɗaki nawa ni kaɗai a gidan wata gwauruwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙaramin madubin nan nawa da na bar miki ajiya, ina so ki aiko mini da shi. Na tanadar masa wuri kusa da taga. Wani Herr Pohl zai biyo ta wajenku bayan Ista, ki danƙa masa. Ki naɗe shi da kyau, hanyar akwai sanyi, kuma kin san abu ne da ba ya son jijjiga. Ba ni da abin da ya fi shi daraja a duniya, kin fahimce ni.

Ottmar

Rudolstadt, Afrilu 1948

Yaya Ottmar,

Muna lafiya, Gudrun ta yi mura ta warke. Mutuminka ya zo, ko zama bai yi ba. Na naɗe madubin a cikin mayafin ulun marigayiya matarka, na cusa tsumma ta ko'ina. Gudrun ce ta ɗaure igiyar, ta ce in gaya maka ita ta yi ƙullin. Mutumin ya ɗaga ƙunshin ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ce da duk kaya haka suke da ya huta.

Gaskiya na ɗan ji haushi. Takarda guda cur a kan tagulla, ba ka ko tambayi 'yarka ba. Amma na san halinka da kayan aikinka.

Mu ma mun fitar da madubin likita na farko tun bayan kwashe injina. An yi biki, kowa ya sami tsiran nama rabi.

Hedwig

Heubach, Mayu 1948

Hedwig,

Wannan ta hannu ce, don haka zan faɗi abin da ke bakina.

Na je bakin dajin iyaka na tsaya tun safe, da 'yar rigar sanyi ja da na saya da burodi a aljihu. Pohl ya fito daga cikin itatuwa shi kaɗai ya miƙo mini ƙunshi. Na ce, "Ina yarinyar?" Ya ce, "Wace yarinya?" Shi ƙa'idarsa ba a gaya masa abin da zai ɗauko, wai abin da bai sani ba ba zai faɗa ba in an kama shi. Ƙofa kawai ake nuna masa.

Me zan yi da tagulla, Hedwig? Tagulla ce take jin sanyi? Ke da kanki kika ce in kula da abin da nake rubutawa. Na ce ba ni da abin da ya fi shi daraja a duniya. Wane uba ne zai faɗi haka a kan ƙarfe?

Na yi ta juya abin, kuma ban yarda ba ki gane ba. Ba ki da miji, ba ki da ɗa, kin sami yarinya tana ɗebe miki kewa. Amana na ba ki, ba kyauta ba.

Ottmar

Rudolstadt, Yuni 1948

Yaya,

Muna lafiya, tunda ba ka tambaya ba.

Wane uba ne zai faɗi haka a kan ƙarfe? Kai mana. Kai ne ranar da aka haife ta ka tsaya gama goge gilashi kafin ka tafi asibiti, duk dangi sun san wannan. Ka bar mini madubi ka ce in ɓoye, sannan ka rubuto ka ce in aiko madubi. Da na karanta takardarka ta biyu a kan matakala na zauna har maƙwabciya ta zo ta tashe ni. Ni ce na sa ta ɗaure igiyar da hannunta.

Maganar ba ni da miji ba ni da ɗa, na ji. Na gode. Shekara uku ina raba burodina biyu ina ba ta babban rabin, ban taɓa rubuto maka ba.

Kada ka sake turo mini kowa. An harbi Pohl a ƙafa makon da ya wuce yana tsallakar da wasu mutane, an kama su duka, har da jariri. Ba zan danƙa yarinya 'yar shekara takwas a hannun wanda bai ma san me ya ɗauko ba. In kana son 'yarka ka zo da ƙafarka. Na san za ka ce in ka shigo ba za su bar ka ka fita ba. To, sai ka zauna, mu ma ai mutane ne muke zaune.

Hedwig

Heubach, Mayu 1954

Ƙanwata Hedwig,

Ina gaishe ki. Ina fata ƙunshin kofi da takalman da nake aikowa suna isowa. Lafiyata ƙalau, sai dai ni ma yanzu na sa tabarau, wanda na goge da kaina.

Abin da na rubuta miki a wancan lokaci na rubuta, ke ma kin rama. A bar shi nan.

Ba za ki gane wurin nan ba. Masaƙar safar ta zama wurin ajiye kekuna, an gina benaye, muna yin kyamara ana kai wa har Amurka. Na san kin ji maganar shari'a. Kotun nan ta ce mu ne Hartleb na gaskiya, na ji taku ta ce ku ne. Lauyoyin da ba su taɓa riƙe gilashi ba su ne za su gaya mana ko mu su wane ne.

Gudrun ta cika sha huɗu, bana za ta gama makaranta. Na yi magana da shugaban masu koyon aiki, akwai gurbi. Ba daji, ba Pohl. Ku zo Berlin kamar masu ziyara, ku shiga jirgin cikin gari, ku sauka a ɓangaren yamma, ina tsaye a tasha. Ke ma in kina so ki zauna, akwai aikin duba gilashi a nan. Wannan karon na faɗa a fili: 'yata nake nufi.

Yayanki,
Ottmar

Rudolstadt, Yuli 1954

Yaya Ottmar,

Muna lafiya. Kofi yana isowa, shi nake ba mai kawo kwal. Takalma ma suna isowa, amma tun tana shekara tara ba wanda ya shige ta. Kullum ƙanana kake sayowa.

Na karanta mata takardarka. Na ma je na sayi tikitin Berlin kafin in gaya mata, don kada ka ce wani abu. Tana wanke kwanoni ta ce, "Ba za ni ba." Na ce ubanki ne. Ta ce, "Na sani. Shi ne mai aiko takalma." Na ɗaga hannu zan mare ta, ban iya ba, ta fi ni tsawo.

An riga an ɗauke ta koyon aiki a masana'anta, ita ce ta ɗaya a jarrabawa. A makaranta an gaya musu waɗanda suka tafi yamma sun gudu da zane-zane sun saci suna. Na ce mata ba gudu kuka yi ba, a gabana aka sa ku a mota da bindiga. Ta ce, "To, mu da muka tono injina daga ƙasa fa, Mama?" Haka take kirana tun tuni. Ban koya mata ba, ban kuma hana ta ba.

Ba zan ɗaure ta in kai tasha ba. Ka rubuto mata ita kanta, ba ta hannuna ba. Ka tambaye ta aikinta. Halinku ɗaya, ta nan kaɗai ake shiga.

Hedwig

Rudolstadt, Janairu 1962

Yaya,

Gaisuwa, da fatan ka shiga sabuwar shekara lafiya. Ƙafata ce ke damuna, in ban da haka ƙalau.

Na san ka ga takardunta sun tsaya, kuma na san abin da za ka saƙa a ranka. Ba fushi ta yi ba. Shekarun nan da kuka yi kuna musu a takarda a kan wace irin ƙasa ta fi goge gilashi, duk takardar da ka aiko sai ta karanta mini tana cewa, "Ji tsohon nan da taurin kai." Har ta nemi hutun watan Satumba don ta je Berlin ta gan ka, ta ɗinka riga. Sai aka wayi gari a watan Agusta an ja katanga an raba birnin biyu.

Yanzu an mayar da ita sabon sashe, inda ake haɗa gilashi da kayan lantarki. Ni ban gane komai ba, wayoyi ne sirara kamar gashi. Duk wanda ke sashen an sa shi ya yi alkawarin ba shi ba kowa a yamma, ko uba ne. In takardarka ta zo da sunanta za a kore ta. Ka riƙa rubuto mini, ni ba wanda ya damu da tsohuwa mai duba gilashi. Zan riƙa barin takardar a kan tebur in fita.

Hedwig

Heubach, Maris 1965

Ƙanwata Hedwig,

Ina gaishe ki, yaya ƙafar? Matar marigayi Zeuner ce za ta kawo miki wannan, tunda yanzu an bar tsofaffi suna zuwa ganin dangi. Ita ta gaya mini Gudrun za ta tsaya a rumfarku a baje kolin Leipzig. Na je na roƙi shugabanmu ya sa ni cikin masu tafiya. Ya ce me mai goge gilashi zai yi a can, na ce ɗaukar akwati.

A Leipzig, tunda ɓangarenku ne, mu ne ba mu da ikon kiran kanmu Hartleb, sai da aka rufe sunan da ke jikin kowace kyamara. Ba wanda ya ma kula, kowa yana rumfar Japanawa yana mamakin arhar kayansu.

Na gan ta, Hedwig. Tana tsaye bayan wata na'urar gwada jini, haske ya bi ta gilashi allura ta nuna. Kusa da ita wani mai toka-tokar kwat, irin waɗanda ba su san gilashi daga gindin kwalba ba, aikinsa sauraro. Na zagaya zauren ban san sau nawa ba kafin in iya matsawa.

Ta ce, "Barka da zuwa, yallaɓai. Daga ina?" Sai ta karanta sunana da ke ƙirjina. Na ga wuyanta ya yi ja. Ta ce, "Au, masu aron sunanmu ne." Mai kwat ya yi dariya. Na ce, "Aro? Tun ba a haife ki ba nake cikinsa."

Na ce ta nuna mini yadda take aiki. Ta yi bayani tiryan-tiryan, muryar uwarta sak, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta buɗe murfin na leƙa, bakina ya riga ni, na ce gefen gilashin nan bai ji guga ba. Ta ce, "Gefe ba ya aiki, yallaɓai, tsakiya ke aiki." Na ce mai barin gefe wata rana zai bar tsakiya.

Ta ce in juya maɓallin da kaina. Na kai hannu, na kasa kama shi. Sai ta ɗauki hannun ta ɗora a kai, ta bar nata a kan nawa. Ta ce, "A hankali. Ba ƙarfi yake so ba." Allurar ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. Na ce, "Wadda ta haɗa wannan tana jin daɗin aikinta?" Ta ce, "Tana ji." Mai kwat ya ce akwai masu jira.

Sai na tambayi ko za a sayar mini da ɗaya. Ta janye hannunta ta ce, "Ba ma sayar wa irinku, yallaɓai." Ta juya ga na bayana. Ko sau ɗaya ba ta sake kallona ba, na tsaya daga nesa na duba.

Shekara ashirin. Ki gaya mini gaskiya, ba na son lallashi. Irinku ɗin nan, har da ni a ciki?

Ottmar

Rudolstadt, Afrilu 1965

Yaya Ottmar,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi tunda rana ta fara fitowa. Matar Zeuner za ta sake zuwa wajen ƙanwarta, za ta jefa maka wannan a gidan waya na can.

Kai dai har ka mutu ba za ka iya jin magana ba. Me kake so ta ce a gaban mutumin nan, ta rungume ka? Kalmar da aka koya musu ke nan su faɗa wa duk wanda ya zo daga Heubach. Mai kwat ɗin har yaba mata ya yi a wajen shugabanni, wai ta iya sa 'yan yamma a wurinsu.

Ranar da ta dawo na yi mata curin dankali da miyar nama. Ta zauna a kicin ba ta ko cire rigar sanyi ba, abinci yana hucewa. Can ta ce, "Mama, ashe gajere ne." Na ce da can ma haka yake. Ta ce, "Ni na ɗauka kansa yana taɓa ƙofa." Sai ta kifa kai a kan tebur. Rabon da in ga kukanta tun tana makaranta. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na sake ɗumama abincin, ta cinye har da ƙari.

Ta ce tana jin tarinka tun kana zagaye zauren, tun kafin ta san ko kai wane ne, kuma ba ta son irin tarin. Ka je asibiti, ba ni na ce ba. Ta kuma je ta sami masu goge gilashin na'urar ta tayar musu da hankali a kan gefe, amma ta ce kada in kuskura in gaya maka.

Akwai wani baje kolin a watan Satumba, an riga an ce ita za ta sake tsayawa. Ta ce ka nemi shugabanku tun yanzu. Ta ce kuma wannan karon kada ka zo hannu rabbana kana raba ido. Ka zauna ka shirya tambayoyi a kan na'urar, masu yawa, masu wuya, irin waɗanda sai an daɗe ana bayani.

Ƙanwarka,
Hedwig